Badon Gwaggo Hure

Duk wanda ya san Nababa a ƙauyensu na gefen Bagwai, da laka har gwiwa ya san shi. Abokan wasa kan ce kwaɗo ne ya samu hula. Murmushin yaƙe kawai yake yi, don ya san abin da ya kai shi ruwa.

Kududdufin bayan gari na kowa ne, amma badon ciki na Gwaggo Hure ne, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi. Ita ke shuka shi. Takan kwaɓa baƙar laka da busasshen kashin shanu, ta cura kamar fura, ta cusa saiwar bado a ciki, ta danne a ƙasan ruwa da diddige. Da 'ya'yan badon da saiwarsa take rufa wa kanta asiri idan rumbu ya yi ƙasa.

Shekarar da fari ya tsananta, kududdufin ya ƙafe ƙaf. Nababa ba shi da taki, don an sayar da dabbobi an ci. Sai ya ɗora wa jaki mangala, ya shiga kwasar laka zuwa gonarsa.

"Ɗebi ta sama, ɗan nan," in ji Gwaggo. "In ka ga yumɓu, ka tsaya. Shi ke riƙe ruwan."

Ya ce to, amma da baki kawai. Ya kwashe laka har da saiwoyin da ke kwance suna jiran damina, ya fasa yumɓu sai da ya tarar da yashi. Da ruwa ya sauka, kududdufin ya cika, yashi ya shanye. Bado bai fito ba. Geron da aka yi ɓarnar dominsa ma ko ido bai yi ba.

Gwaggo ta ga abincin gidan ba zai kai ba, ta ɗaure ƙullinta ta tafi Dawanau yi wa 'yan kasuwa shiƙar hatsi.

Tun daga nan Nababa bai huta ba. Kowane rani yana jigilar yumɓu daga fadama, yana daɓe gindin kududdufin da ƙafa, yana curin laka yadda ta saba. A ransa, ranar da bado ya dawo, ita ma za ta dawo.

Sai da furfura ta fara fito masa ruwan ya zauna, fararen furanni suka rufe shi. Ya tsinko ɗaya, ya nufi Dawanau. Ya same ta zaune a bakin rumfa, ƙaiƙayi ya gama da idanunta.

Ta shafa furen, ta shinshina.

"Ka iya, Nababa, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "To ni yanzu, da wane ido zan shiga ruwa?"