Kwanukan Hajja Huɗu

A shekarar da aka kulle gari saboda korona, ina zaune a unguwar Moduganari ta Maiduguri ni kaɗai. Maigidana ya je Biu duba mahaifinsa, aka rufe hanya yana can. Azumi ya kama a haka.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Hajja, tsohuwa ce mai hawan jini, mutanenta makiyaya ne da suka daɗe da zama gari. Tun zuwana unguwar, duk azumi kafin a sha ruwa takan ɗora mini kwano a kan katangar, wata rana burabusko, wata rana kindirmo. Ni kuma in wanke kwanon, in zuba ƙosai ko kunun tsamiya, in mayar. A wurinmu ba a mayar da kwano wayam, kuma ba a barinsa ya kwana biyu. Wadda ta riƙe kwanon maƙwabciya, to magana ce take son faɗa.

Ran uku ga wata na tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro da ɗan tari. Nan take na tuna cewa kafin kulle na shiga kasuwa, wata mata ta yi atishawa kusa da kafaɗata. Na ji a rediyo cewa cutar takan zauna a jikin ƙarfe, kuma tsofaffi ta fi kashewa. Da yamma na ɗauko kwanon Hajja, na wanke shi da sabulu sau uku, na zuba ƙosai, na nufi katanga. Sai na lura da babban yatsana a bakin kwanon. Na koma na sake wankewa. Amma da wane hannu zan ɗauka? Har aka kira magariba ina tsaye.

Ban mayar ba. Washegari wani kwanon ya zo, shi ma ban mayar ba. Suka zama huɗu, na jera su a ƙarƙashin gado kamar kayan sata.

Mu mutanen Maiduguri mun san zaman ɗaki. A shekarun tashin hankali mun kwanta a ƙasa muna jin ƙara, amma lokacin mutum ya san daga ina abin yake zuwa. Wannan karon ina jin a ƙirjina yake. Ba sojan da ke bakin titi ne ya hana ni fita ba. Tsoro nake a ce ni ce na kai wa wani. Kuma ina tsoron a ji tarina, mota ta zo da masu fararen kaya, a tafi da ni unguwa tana kallo. Saboda haka in tari ya taso sai in cusa fuskata a matashi. Ko turmi na daina dakawa, don kada Hajja ta ji motsina ta kira ni.

Ran nan da hantsi aka buga ƙofa. Na ji numfashin Hajja tun kafin ta yi magana.

"Ke 'yar nan, kin mutu ne ko kin buɗe shagon kwanuka?"

Na tsaya nesa da ƙofar, na rufe bakina da mayafi. "Hajja, ina kwana. Don Allah ki koma gida."

"In koma? Ni da ƙafafun nan na zagayo. Me na yi miki? In gishiri ne ya yi yawa ki faɗa, ba yau na fara girki ba."

"Ba haka ba ne, Hajja."

"To buɗe in ga idonki."

Ta tura ƙofar, sakata ta riƙe. Na ga yatsunta sun shigo ta tsagar, daidai inda nake kamawa kullum. Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Cire hannunki! Tari nake yi, kwana biyar ke nan!"

Na zaci za ta yi dariya, ta ce mura ce, ta zage ni. Ba haka aka yi ba. Yatsun suka janye a hankali. Na ji takalminta ya ja da baya, taku biyu ko uku.

"Da zazzaɓi?" ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Babu. Ban sani ba. Wani lokaci nakan ji kamar akwai."

"Wa kika gaya wa?"

"Ke kaɗai."

Sai ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Riƙe kwanukan."

"Ki wanke hannu da sabulu, Hajja! Har gwiwar hannu!"

Na ji takunta yana nisa.

Da yamma abincin Hajja ya zo ta saman katanga a ƙulle cikin leda, rataye a kan sanda. Ba ta yi sallama ba, ni ma ban yi godiya da ƙarfi ba, don kada iskar bakina ta tsallaka. Ban iya ci ba. Tarina ya tafi bayan 'yan kwanaki, kuma har yau ban san ko mene ne ba. Amma sati biyu cur, kowace safiya nakan jingina kunnena da katangar, in jira ƙarar butarta. In ta yi gyaran murya sai in tsaya ina sauraro ko na biyu zai biyo.