Albasar Gidan Yaya

Albasa ce ta raba ni da yayana. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, kuma ba na ganin laifinsa, don da a kan wani mutum abin ya faɗa, da ni zan fi kowa ƙyaƙyatawa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, zaure ɗaya. Ni tela ne, Yaya manomi, da rani yana noman albasa a fadama. A unguwarmu ciyayya ake yi. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, mu zauna a tabarma a ƙofar gidanmu, a buɗe wannan a cinye, a jawo wancan. Ba a tambayar na gidan wa ne, amma miyar matar Yaya ba ta ɓuya, don ita ba ta san ƙwauron albasa ba. Matar nan ina yaro aka kawo ta gidanmu, ita ta yi ta wanke mini tufafi, kuma har na yi furfura ba ta daina tsokanata da cewa ni ne ƙaramin mijinta marar cefane ba.

Ciwon ciki ya daɗe yana cina. Kumburi, murɗa, sai kuma zawo, ina tsakiyar ɗinki in tashi da gudu in bar mai kaya a tsaye. Na sha maganin olsa, na sha na tsutsa, jiƙe-jiƙe kuwa babu sassaƙen da bai ratsa maƙogwarona ba. Na rame har sai da na rage wandunana da hannuna. Da abin ya ishe ni na tafi asibiti a Kazaure. Likita ya yi gwaje-gwajensa bai ga wani mugun abu ba, sai ya tura ni wurin wata ma'aikaciya da aikinta shi ne ba marasa lafiya shawara kan abinci. Raina ya ɓaci. Na taso tun daga ƙauye a kan babur, a ce in je wata ta koya mini cin tuwo.

Amma matar ta san aikinta. Ta yi ta tambayata abin da nake ci da lokacin da cikin ke tashi, har na gaji da amsawa. Ta ce in bar albasa da tafarnuwa da wake da madara da duk abin da aka yi da alkama na ɗan lokaci, ta haɗa ni da ƙwayoyin ƙarin jini da wasu na gyaran hanji. Cikina ya kwanta kamar an zare ƙaya. Daga nan muka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Nono ya zauna lafiya, wake ma idan kaɗan ne, burodi sai da lallami. Ranar da aka zo kan albasa na koma gidan jiya. Ta ce hanjina ne ba ya iya sarrafa ta, ba guba ba ce, amma duk ranar da na ci zan gane kurena. Ta aika wa matata dabara, a soya albasa a mai a tsame ta a zubar, ko a yi miya da koren lawashi kawai.

Na tambaye ta yadda zan yi da ciyayya. Ta ce in fita da kwanona, in yi wa mutane bayani, ai za su fahimta. Da zuciya ɗaya ta faɗa, Allah ya saka mata. Ba ta san cewa a shekarar ne muka raba gonakin gado ba, kuma fadamar da Yaya ya saba noma albasa a ciki ni ta faɗo wa. An ɗan yi ka-ce-na-ce, kamar yadda ake yi a kowane rabo, muka shirya, na ce ya ci gaba da nomanta.

Na fara fitowa da ɗan kwanona ina zama a gefen tabarma. Na yi bayanin, aka sha dariya, aka ce tela ya zama Bature. Tsokanar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne da aka daina. Wata rana wani dattijo maƙwabcinmu ya ja ni gefe bayan la'asar, ya rage murya, ya tambaye ni wa nake zargi. Ashe magana ta zaga gari cewa ba asibiti nake zuwa ba, wurin wani malami nake zuwa, kuma ya gaya mini ana zuba mini sammu a abinci saboda fadama. Wa zai yarda cewa albasar da mutum ya ci tun yana rarrafe ita ce yau za ta kayar da shi?

Matar Yaya ta daina yi mini wasa. Idan muka haɗu a zaure sai ta rusuna ta gaishe ni kamar baƙo. Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Na koma Kazaure na roƙi ma'aikaciyar nan ko akwai ƙwayar da zan haɗiya kafin in ci, ko da sau ɗaya ne a mako. Ta ce babu wadda za ta iya yi mini alkawari a kanta. Ta ce in kawo yayan nawa ta yi masa bayani da bakinta. Na faɗa wa Yaya, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, me zai kai shi asibiti, kuma shi bai ce na yi laifi ba.

Zuciya ta ɗebe ni. Wani maraice aka buɗe kwanon gidan Yaya, shinkafa da miyar dage-dage, albasa tana iyo a kai. Na ture nawa, na wanke hannu, na zura a gaban kowa. Na ci kamar wanda ya kwana bakwai da yunwa, har da suɗe yatsu. Sai na ga Yaya ya turo tsokar nama gabana da yatsa, yadda yake yi mini muna yara. Na san abin da ke jirana, amma a lokacin na ji ko mene ne zan ɗauka.

Washegari ban iya buɗe shago ba. Zawo ya tsiyaye ni har aka goya ni a babur zuwa asibitin kusa da mu aka yi mini ƙarin ruwa. Kafin in dawo gari ya gama yanke hukunci. Mutum yana zamansa lafiya, ya taɓa kwanon gidan wansa sau ɗaya, ga shi an kwashe shi ranga-ranga, wace shaida kuma ake nema? Surukata ta iso da rubutu da hayaƙi. Matata, wadda da hannunta take tsame albasa daga mai, ita ma ta fara yi mini kallon shakka. A tabarma kuwa sai aka riƙa tsallake kwanon gidan Yaya, kowa ya ce ya ƙoshi, kwanon ya koma cikin gida a cike.

Na bi mutane ɗaya-ɗaya ina rantsuwa cewa albasa ce. Na yi faɗa a ƙofar masallaci har liman ya ba ni haƙuri. Duk rantsuwar da na ƙara sai a girgiza kai a ce Allah sarki, yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Yaya ya zo duba ni, ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba.

"Na yarda da kai," in ji shi. "Amma na hana a ƙara ba ka ko ruwa daga sashena. Ba fushi nake yi ba. Idan wani abu ya same ka, ba na so a ce uwar 'ya'yana ce."

Na ce, "Yaya, to ni yaya zan yi?"

Ya ce in ci gaba da shan maganina.

Tun daga ranar bai sake fitowa ciyayya ba, a ɗaki yake cin abincinsa. Ni kuwa na yi ƙiba, wandunan da na rage sun matse ni. Da na je Kazaure ma'aikaciyar ta ɗora ni a sikeli ta yi murna, ta ce ni ne majinyacin da ya fi jin magana. Na yi mata godiya, don ba ta yi mini komai ba sai alheri, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lafiyar ba.

Kwanakin baya aka yi sunan jikan Yaya na fari. Aka yanka rago, aka girke tukwane a tsakar gida, matar Yaya ta tsaya a kan rabo, kowane gida a unguwa aka kai masa tuwo da miya da soye. Namu ma ya iso. Matata ta buɗe kwanon a gabana, sai ga ɗanyar shinkafa da ɗanyen nama, da saƙon cewa a dafa mini a sashena.