Takardun Kawu a Kwandon Shara

A shekarar da ambaliya ta shanye shinkafar fadama tun daga Augie har ƙasan Birnin Kebbi, na je Argungu yi wa dangi jaje. Taubashina, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da shekara shida, bai yi asarar gona sosai ba, amma danshi ya ci bangon ɗakin da yake ajiye littattafai. Na same shi a zaure ya shanya takardu a kan tabarma. A cikinsu akwai kundin mahaifinsa, waƙoƙin wa'azi da ajami, rubutun hannu da baƙar tawada, kan babi da ja, ganye ɗari da 'yan kai a cikin gafaka, jakarsa ta fata.

A lokacin idonsa ya fara rauni. Ya ce yana ganin layi amma ba ya rabe harafi. Kawu kuwa, Allah Ya jiƙansa, ƙananan baƙaƙe yake yi, saboda takarda ta yi tsada a zamaninsa. Ni na kawo shawara, ba shi ya roƙa ba. Na ce ya ba ni kundin in ɗauki hotonsa, in ƙara girman rubutun a kwamfuta, in buga a manyan takardu ya karanta da kansa. Na ce masa wata ɗaya.

Ya ce, "Wata ɗaya na mutanen birni, ko irin namu da ake gani a sama?"

Na ce ya bar tsiya ya miƙo gafaka.

Wata bakwai kundin ya yi a gidana a unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi. Ba lalaci ba ne kaɗai. Malamin da ya koya mana rubutu ya hore mu da cewa ba a gyara a kan asali. In za ka gyara, sai ka kwafe tukuna, ka yi gyaranka a kan kwafin. Da wannan horon na zauna gaban kwamfuta. Kowane ganye sai na ɗauke shi da waya sau uku ko huɗu, a inuwa da a haske. Duk ranar da zan daidaita hotunan ko in ƙara musu haske, sai in kwafe foldar da na tara su a ciki gaba ɗaya, in sa mata lamba, in yi aiki a kan sabuwar. Har na kai ta shida.

Ranar wata Asabar kwamfutar ta ce ta cika. Layin da ke nuna yawan wuri ya koma ja. Ganye arba'in na ƙarshe suna cikin waya sun ƙi shiga, wanda na gyara kuma ya ƙi ajiyuwa. A makon nan ne taubashina ya kira. Ya ce likita ya gaya masa hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, na hagu ya riga ya rufe, na dama ne ake lallaɓawa da magani.

Ya ce, "Ban kira don in tuna ma komi ba. Gaisuwa ce."

Na gane. Da na ajiye wayar sai na goge folda ta ɗaya har zuwa ta biyar, na bar ta shida. Layin bai motsa ba. Na kashe na kunna, yana nan ja. Na bar ta ta kwana, ko tana bukatar lokaci, da safe ma haka.

Ranar Litinin na shiga keke-napep da ita zuwa wani shagon gyara kusa da babbar kasuwa. Mai shagon magidanci ne, zai yi shekara arba'in, yana cin gyaɗa yana kwance wata waya. Na ba shi labari. Bai ko buɗe wani abu mai nisa ba, ya nuna mini wani ɗan hoto a kusurwar allon kwamfutar.

Ya ce, "Malam, ai ba ka goge ba. Zubawa ka yi cikin wanga."

Na ce mene ne shi.

"Kwandon shara. Duk abin da anka goge nan yake taruwa, kuma wurinsa bai fita sai an zazzage kwandon. Bari in zazzage, yanzu layinka ya koma shuɗi."

Na riƙe hannunsa. Na ce ya buɗe in gani. Ya buɗe. Ga foldodina biyar, a tsakanin hotunan biki da waƙe-waƙen da mutanen gida suka goge tun bara, da wata takardar haya da na lalata. Na sa ya nuna mini abin da ke cikinsu. Ganyen farko na kawu ya bayyana, da Bismillah a samansa da jar tawada.

Mu ba mu taɓa jefa takarda mai sunan Allah a shara ba. In ta tsufa a ƙona ta a binne tokar a wuri mai tsarki, ko a kai ta gulbi. Ko a hanya na tsinci guntuwa, sai na ɗauka na soke ta a ramin bango. Ga shi kwana biyu rubutun kawu yana cikin kwando, kuma ni na zuba shi da hannuna.

Na ce, "Fito da su."

Ya ce, "In na fito da su sun koma inda suke. Ba ka samu wuri ba ke nan."

"Fito da su dai."

Ya yi dariya kaɗan, ba ta raini ba. Ya ce, "Malam, wallahi babu kwando. Zane ne. Abin yana nan inda yake a cikin na'ura, suna kawai anka sauya mai."

Na ce na ji, amma ni da kwando na gan shi. Ban ce fatawa nake bayarwa ba, kuma har yau ban tambayi kowa hukuncin ba. Abin da zuciyata za ta iya ɗauka na gaya masa.

Ya maido da su. Ya zazzage sauran tarkacen, wurin da ya fita bai taka kara ya karya ba. Sai ya jingina da kujera ya ce akwai wata hanya. In aka danne wani maɓalli tare da na gogewa, abu yana tafiya kai tsaye, ba ya bi ta kwando. Na tambaye shi ina yake tafiya. Ya ce ba ya tafiya ko'ina, na'urar tana ɗaukar wurin a matsayin fili ne kawai, inuwar tsohon tana nan har sai an rubuta wani abu a kai.

Wannan na san shi. Haka allo yake in an wanke, ana ganin alamar tsohon rubutu har a yi sabo a kansa. Na ce to, abin da zai hau kai ya zama ganyen kawu da suka rage, ba wani abu ba. Ya ce ba shi ke zaɓar wa na'ura wurin ajiya ba, amma in su na fara sawa, da wuya su faɗa wani wuri. Na karɓi haka.

Ni na danna da kaina, folda ɗaya bayan ɗaya, ina yin Bismillah. A kowace sai na'urar ta tambaya ko na tabbata. A ta uku layin ya bar ja. A ta biyar ya ja baya har kusan rabi. A nan shagon muka haɗa waya muka juye ganye arba'in ɗin, ban tashi ba sai da na ga na ƙarshe ya shiga.

Sauran aikin kwana tara ya ɗauka, kuma ban sake kwafe folda ba. An buga mini a manyan takardu, kowane ganye ya ninka asalinsa sau uku. Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Argungu, gafaka a cinyata, takardun a naɗe cikin zane.

Na same shi a zaure. Ya karɓi gafakar ya buɗe, ya bi ganyen da yatsa yana juyawa har ƙarshe, sannan ya ɗaure. Ya ɗauki babbar takardar farko ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya karkata kai ta dama. Sai na ji ya fara rerawa a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. A layi na huɗu ya ce wannan wasalin ba haka ya haddace shi ba tun yana yaro, ashe shi ne ya yi ta kuskure.

Na fara ba shi haƙuri a kan watannin, ina kawo maganar kwamfuta.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malamin na'ura, ka cika alkawari, ba ni bin ka komi. Matsa, ka tare min haske."

Na matsa. Ya juya takarda ta biyu.