Yadda na kai Inna ta ga teku

Shekarun baya, likitan ido ya ja ni gefe ya ce ganin mahaifiyata raguwa yake yi, magani sai dai ya jinkirta abin. A motar da ta kwaso mu zuwa Kankia na ce, "Inna, mi kike so in yi maki?"

Ta ce, "Ubanka har ya rasu yana ba ni labarin tekun Lome, sadda yana tuƙin babbar mota. Kullum sai ya ce zai kai ni. Shi nike so in gani tun idon na aiki."

Ni kuwa da ɗan banzan cika baki na ce ba gani kawai ba, a otal ɗin manya za ta kwana. Da ƙanena ya buɗo mini farashin a waya, sai da na nemi wurin zama. Ya ce da damina Turawa ba sa zuwa sosai, kuɗin ɗaki yana faɗuwa. To, wane manomi ne a ƙauyenmu Dudunni zai bar gona lokacin noman maimai ya tafi kallon ruwa? Kawuna ma cewa ya yi, "Kai ɗan nan, almubazzaranci za ka yi da waken da ka ɓoye. In ruwa take so, ga dam nan."

Abokina ne ya raba gardamar. Ya ce, "Saida wakenka ka tafi. Gayya za ni kira, ba inda ba ka je ka yi ma mutane noma ba." Har yau in na tuna maganar nan sai idona ya kawo ruwa.

Na saida waken. Wajen zaɓen ɗaki kuma ƙanena ya so mu kama na baya mai arha, mu daɗe. Na ce a'a, ba bango na kawo ta gani ba. Na kama mai kallon teku, kwanakin suka ragu, muka cike giɓin abinci da ƙuli-ƙuli da dambun nama daga gida.

Da muka isa Lome, ma'aikacin otal ya yaye labulen ɗakin, Inna ta tsaya cak. Can ta ce, "Allahu Akbar! Ashe ubanka bai yi ƙari ba."

Gadon da na zuba wa kuɗi kuwa ko zama ba ta yi a kai ba, wai taushinsa zai karya mata baya. Tabarmarta ta shimfiɗa a baranda, nan take salla, nan take wuni. Ni na mimmiƙe a gadon, don ba zan yi asara biyu ba.

Muka dawo na tarar da gonata fes, ta fi ta kawu kyau, kuma ban fasa gaya masa ba.

Yanzu idanun Inna sun rufe. Amma duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ta tara jikoki ta ce haka teku yake ƙara, har ya fi. Rannan kawu ya zo gaishe ta, ya zauna yana saurare, can ya ce, "Wai da gaske ba a hango ƙarshenshi?"

Ta ce, "Da ka bari sai ka je dam ka tambaya."