Isuhu Mai Yatsu Takwas, Wanda Ya Hana a Rufe Munduwa

Ina tsugune ina ba ragon suna dusa, da hantsi, sai ga Mamman ɗan Isuhu ya sauko daga jaki a ƙofar gida, bai ko ɗaure shi ba. Na tashi ina dariya, don a makon nan ba abin da nake yi sai dariya. Bayan shekaru ana jira ana roƙo, Allah ya ba ɗana na fari ɗa namiji, kuma na riga na aika wa Isuhu ya zo, sunansa za a raɗa wa yaron.

Na ce, "Ina tsohon? Ko ya tsaya naɗa rawani ne?"

Mamman ya durƙusa ya ce, "Baba, sai haƙuri. Jiya bayan azahar. Mun kai shi makwancinsa kafin magariba."

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na zauna a ƙasa kusa da ragon, ƙwaryar dusa tana hannuna.

Ban iya rubutu ba sai da gemuna ya yi fari, a makarantar dare ta manya, inda mushe, wato malamin boko, sa'an jikokin wasu yake riƙe mini hannu. Wannan ne abu mafi tsawo da na taɓa rubutawa. Na yi shi ne don a karanta wa 'yan'uwana maƙeran fari na Damargu, masu aikin azurfa da tagulla, ranar da za mu taru sadakarsa. Da yawa cikinku kun san shi yana tsoho, Sarkin Maƙera mai barkwanci da hannun hagu guntu. Kaɗan ne suka san inda yatsun suka tafi.

A Damagaram ya koyi aiki, ya dawo ƙauyenmu kusa da Ollelewa ya kafa rumfa. Ya girme ni, Yaya nake ce masa, amma uwar maƙera ɗaya muka yi tarayya a kai. Ban ga mai zane a kan likkafa ko kuben takobi kamarsa ba. In mace ta kawo azurfarta a narka, sai ya sa ta zauna ta ga an zuba a gabanta, ya ce, "Zauna, Inna, idonki ma ma'aikaci ne." In aikin ɗan'uwa ya ɓaci, ba ya faɗa a gaban mai kaya. Sai mutum ya tafi ya ce, "Kawo mu gani, wataƙila gawayin ne." Kowa ya san ba gawayin ba ne.

A zamanin, munduwar ƙafa ba a cire ta. Mace za ta ɗora ƙafarta a kan uwar maƙera, a sa tsumma, maƙeri ya bubbuga bakin munduwar har ya haɗe. Da ita za ta yi daka, da ita za ta haihu, sai ranar da ta mutu a kira maƙeri ya buɗe kafin wanka. Abin alfahari ne a ce munduwar wance ba ta fita. Da na auri Habsu, Isuhu ne ya ƙera mata biyu na azurfa gudummawarsa, shi ya rufe su da hannunsa.

Abin ya faru ne bayan kaka, a shekarun da Nasara suke kwasar maza zuwa aikin tilas. Garin ba kowa sai tsofaffi da mata da mu biyu, da aka bari don gyaran kayan aiki. Da safe mahara suka faɗo, wasu a kan raƙuma wasu a kan dawaki, ɗaya da tsohuwar rigar soji da bindiga. Har yau ban san ko su wane ne ba. A rijiya suka fara. Suka soke tsohon da yake jan guga da mashi, ya faɗa kan kwamin shayarwa. Suka tsinke 'yan kunne daga kunnuwan mata tare da naman. Inna Gambo, mai sayar da daddawa, suka ja munduwarta ta ƙi fita, sai suka danne ta a bakin rijiyar suka sare ƙafar. Muna rumfa muka ji ihunta. Jini ya ƙare mata kafin azahar.

Habsu tana wurinmu a lokacin, ta kawo fura, da tsohon ciki, ba ta iya gudu. Da suka shigo na ɗauki guduma, mai rigar soji ya buga mini gindin bindiga a baki, haƙorana na gaba suka zube, na faɗi cikin gawayi. Ina gani mutum biyu suka kama Habsu suka kayar, suka jawo ƙafarta suka ɗora a kan kututturen da uwar maƙera take kai. Na uku ya zare takobi, jinin Inna Gambo bai bushe a kansa ba.

Isuhu ya ce, da muryar da yake ciniki da ita, "Kai mai takobi, ni na rufe ta, ni zan buɗe maka. Ɗan dakata."

Mutumin ya ce, "Wa zai tsaya jiran maƙeri? Matsa ko in haɗa da kai."

Bai matsa ba. Ya shimfiɗa hannunsa na hagu a kan idon sawun Habsu, takobin ya sauka. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka faɗa cikin toka, kaifin ya tsaya a jikin azurfar. Jini ya feso har kan zugazugi. Isuhu ya ja numfashi ta haƙora, ya dubi munduwar, ya dubi mutumin, ya ce, "Ka gani, ka ɓata mini zane. Yanzu bari in yi aikina."

Babbansu, da yake tsaye a bakin rumfa, ya yi dariya ya ce, "Ƙyale shi. Ina son in ga mahaukacin nan."

Isuhu ya waiwayo ya ce mini, "Tashi, Tsahiru, haƙora ne kawai. Ɗauko awartaki biyu." Na tashi ina tofar da jini. Ya kama baki ɗaya na munduwar, na kama ɗayan, muka ja. Awartakin yana zame masa saboda jini, sai ya cusa hannun cikin toka ya sake kamawa. Habsu tana karkarwa, ya ce mata, "Ƙanwata, dubi rufin rumfa, ki gaya mini inda yake yoyo. Mijinki ya ƙi gyarawa." Ta farko ta buɗe. Muka koma kan ta biyu, ita ta fi gardama, sai da na ji ƙashin kafaɗata yana ƙara. Da ta buɗe ya jefa musu duka biyu a ƙasa. Suka kwashe abin da yake rumfar, suka farke zugazugi da wuƙa, suka tafi.

Wuta ba ta mutu ba tukuna. Ya ce in sa ƙarfe a ciki. Da ya yi ja ya karɓa da kansa ya danna a kan dungulmin, don ni hannuna ya ƙi. Warin ban manta da shi ba. Sai a lokacin ya suma.

Da hannun ya fara warkewa, ya aika wa maƙeran fari na Tanut da Falanko da Belbeji, aka taru ranar kasuwa bayan an watse. Ya fito da wata munduwa da muka ƙera tare, mai gaɓa a baya da 'yar ƙusa a gaba. A zare ƙusar, ta buɗe. Ya roƙi kada wani cikinmu ya sake rufe munduwa a ƙafar mace.

Wani dattijo daga Falanko ya ce, "Yaro, gadon kakanni za ka sauya saboda yatsu biyu? Mata ma ba za su so ba. Za su ce kayan aro ne."

Isuhu ya ce, "Baba, yatsun nawa ne, na yafe su. Ta Inna Gambo nake yi. Ni na rufe mata tata, ta yi mini addu'a ranar. Ado don mai rai ake yin sa."

Ba a gama a ranar ba, kuma dattijon ya yi gaskiya, mata sun yi ta ƙorafi. Amma aka tsaya a kan cewa wanda ya sake rufewa, ba mai ara masa gawayi, ba mai cin tuwon sunansa. Isuhu ya bi ƙauyuka da awartaki a jaka yana buɗe tsofaffin, bai karɓi ko goro ba. Yau 'yan mata suna zare ƙusa su ajiye munduwa in za su yi wanka, ba su san wani ya biya ba.

Zanensa bai koma kamar da ba, don hannun hagu ne yake riƙe abin zane. Ya san haka, ya riƙa turo mini masu likkafa, shi ya koma narki da zubi. Ban taɓa jin ya yi kukan abin ba. In an taɓo maganar sai ya ce, "In na yi arziki zobe takwas kawai zan saya, kun ga na huta." Ni kuma har ya mutu Mai Giɓi yake kirana. Cikin da Habsu take ɗauke da shi ranar, shi ne uban jaririn nan.

Ranar da Mamman ya kawo labarin rasuwar, da na shiga na gaya wa Habsu, sai ta ɗauki mayafi. Shekarun nan Isuhu yana zaune wurin Mamman ne, tafiyar wuni ta hanyar Belbeji, ita kuma gwiwa ta dame ta. Mamman ya jawo mata jaki.

Ta ce, "Mayar da shi, ɗana. Da ƙafa zan je."

"Inna, da nisa."

"Na sani. Ƙafar ta babanka ce."

Muka bi ta a baya, muka isa rana ta yi sanyi, muka yi gaisuwa, washegari muka dawo aka yanka rago.

Allah ka jiƙan Isuhu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka mayar masa da abin da ya bari cikin toka ranar da kowa zai tashi cikakke. Ka jiƙan Inna Gambo da tsohon rijiya. Ka ba iyalinsa, Mamman da ƙannensa da uwarsu, haƙuri da rufin asiri, ka riƙe rumfarsa kada wutarta ta mutu. Ƙaramin Isuhu kuwa, da aka miƙo mini shi bayan raɗin suna, na buɗe hannuwansa na duba, yatsu goma cif. Allah ka bar masa su, ka ba shi zuciyar mai takwas. Amin.