Suwaitar Saje a Karantina

Mun tashi da asuba daga Ɗa'ifa, ni da maƙwabcina mai a-kori-kura, muka nufi Jidda. Ina sanye da suwaitar da na fi so, ta sojan Ingila ta zamanin yaƙin Bama. Kun san halina: wasu na tara tattabaru, ni tsofaffin rigunan sanyin soja nake tarawa. Ban iya karanta ko baƙi ɗaya a takardar wuyansu ba, amma in na ga tambarin kibiya na kayan sojansu, na san nawa.

Abin da ya tayar da ni, an ce akwai wani tsohon saje a unguwar Karantina ta Jidda da ya ajiye tasa tun daga Bama. Na ce sai na gani da idona.

Sabuwar hanyar Hada tana murɗewa a jikin dutse, birai na zaune gefe suna kallonmu kamar masu duba iƙama, takardar izinin zama. Muka ratsa Makka, muka tsaya a Bahra muka ci ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Shayin can ya yi tsada, kofin kuma ya ƙanƙance. Tun daga nan gumi ya fara, amma na ƙi tuɓewa. Na shiga Jidda cikin ulu, ina tafasa, mutane na matsa mini hanya a zatonsu zazzaɓi ne.

Karantina lunguna ne na katako da kwano, ga warin teku, ga ƙanshin ƙosai, Hausa da Larabci a cakuɗe. Muka iske Saje a ƙofar ɗakinsa. Ashe ya makance. 'Yarsa, mace mai yawan kunya, ta kawo mana shayi, sannan ya ce ta ɗauko rigar. Maƙwabta suka matso.

Ina karɓa na gane ba ta Bama ba ce. Ta da, wuyanta a tsage yake zuwa ƙirji, da 'yar kafa a kowace kafaɗa inda maɗaurin rigar ciki ke leƙowa. Wannan kuwa wuyanta zagaye, saƙarta layi-layi, ga faci a kafaɗa da gwiwar hannu. Irin ta yanzu ce, wadda ma'aikatan jirgin ruwa ke zubarwa a kasuwar gwanjo. Na ga 'yar tana girgiza mini kai daga bayansa. Na ɗauka mamakin ilimina take yi.

Na ce, "Saje, wannan ko Bama ba ta taɓa ji ba! An musanya maka."

 'Yar ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Baba, asu ne ya cinye waccan. Na kasa gaya maka."

Ya yi murmushi ya ce, "Na sani tun ranar. Idona ne ya mutu, yatsuna suna nan." Ya juyo wajena. "Alhaji, ita tana ɓoye mini, ni ina ɓoye mata, muna zaune lafiya. Har daga Ɗa'ifa ka ƙona mai don wannan?"

Gumin da ya keto mini a lokacin ba na ulu ba ne. Na tuɓe tawa da sauri na ɗora masa a cinya, na ce ga ta gaske, kyauta. Ya shafa wuyan, ya zura yatsa a kafar kafaɗa. Sannan ya miƙo mini.

"Ita ce kam. Amma ta wani ce. Ba ni ta 'yata, shi ke nan."

Ko shayin ban shanye ba. A hanyar komawa maƙwabcina sai ya ƙure rediyo. Muka hau Hada da la'asar, sanyi ya sauko, na bar suwaitar a ninke ina karkarwa, don na ga ya dace da ni.

Na iso gida, mai ɗakina ta ce, "To, ta gaske ce?" Na ce ta gaske ce. Tafiyar nan ta koya mini cewa na iya duba wuyan riga da kafaɗarta, amma ban taɓa koyon duba fuskar wadda ta miƙo ta ba.