Inna Hilo Mai Waina da Baƙuwarta

Sunanta na baftisma Filomina, amma a Goronyo ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da shi. Tun shekarar da ta iso garin matan unguwa suka mai da shi Hilo, da ta manyanta aka ƙara Inna a gaba. Har ita kanta in an kira ta Filomina a coci sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa.

'Yar ƙasar Zuru ce. Mijinta Yohanna ne ya kawo ta, lokacin da ya sami aikin tuƙin motar ma'aikatan madatsar ruwa. Ta zo da niyyar ɗan zama, sai zaman ya miƙe. A nan ta haifi ɗanta Timoti, a nan ta binne mijin, a nan bakinta ya juye har takan ce "mi" da "awo" kamar wadda aka yanke wa cibiya a bakin gulbin Rima. Timoti ya girma ya tafi Kaduna aiki. Duk sanda ya bugo waya maganarsa ɗaya ce, ta tattara ta komo wurinsa, gari ba lafiya. Ita kuma takan ce masa to, in an kwana biyu, ta ajiye wayar ta ci gaba da wankin shinkafarta.

Waina take soyawa a bakin tasha. Direbobi da masu lodin albasa sun san rumfarta, sun san kuma ba ta fitowa ranar Lahadi. A ranar takan ɗaura zanen Zumuntar Mata ta tafi 'yar cocinsu ta Katolika, wadda ba ta fi babban zaure ba. Masu zuwa ba su da yawa: 'yan sanda da iyalansu, masu shagunan magani da kayan gyaran babur, sai malaman makaranta da aka turo daga nesa. Fada daga Sakkwato yake zuwa, in hanya ta yi kyau. In bai zo ba katekis ya ja su addu'a su watse.

Sauran kwanakin mako kuwa ibadarta a ɗakinta take. Kiran assalatu na masallacin unguwa shi ke tashinta. Maƙwabta na alwala, ita tana wanke fuska, ta yi alamar gicciye, ta duba kalandar coci da ke jikin bango ta ga karatun ranar. Da girmanta ta koyi karatu, a ajin manya na coci, saboda haka a hankali take bi, yatsa bisa layi, leɓe na motsi. Ba ta neman ta gane duka. Magana ɗaya takan tsinta ta tafi da ita tasha, tana juya waina a tanda tana tunaninta. Wani lokaci ta yi murmushi ita kaɗai, wani lokaci ta girgiza kai, don ba kowane karatu take yarda da shi nan take ba. Takan yi musu da shi a ranta kamar yadda takan yi da mai sayar mata da itace. Da rana tsaka ta tsame hannu ta yi gajeruwar addu'a a tsaye, da yamma kuma ta zauna bakin ƙofa da carbinta na rosari har duhu ya fara.

Haka take zaune da rufin asirinta har wata damina da ƙauyukan Rabah suka tashi. 'Yan bindiga sun matsa musu, mutane suka riƙa shigowa gari a ƙafa da bisa babura, da tabarmi da tukwane a ka. Makarantar firamare ta cika, gidajen dangi suka cika. Wata safiya maƙwabcinta Lawwali, dillalin albasa, ya yi sallama a ƙofarta. Bayansa wata matashiya ce tsaye, ta ja mayafi har goshi, da ƙullin kaya a hannu.

"Inna Hilo, kin kwan lahiya? Alfarma ta kawo ni," in ji Lawwali. "Wagga yarinya sunanta Husainatu, ɗiyar ƙanen babana ta. Gidana ko wurin aje ƙafa babu, har zaure mata sunka kwana. Na tuna ɗakin Timoti na nan ruhe."

"Mi za ka tsaya roƙo, Lawwali?" ta ce. "Shigo, ɗiyata."

Ta share ɗakin, ta cire hoton Iyali Mai Tsarki da Timoti ya manna a bango ta mai da shi nata ɗakin, don ta san Musulmi ba su son salla inda hoto yake. Ta sayo sabuwar buta da tabarma. Alƙibla ba sai ta tambayi kowa ba, ta daɗe tana ganin inda maƙwabta ke fuskanta. Ta nuna wa baƙuwar da hannu, ta ce, "Gabas ga ta nan, wajen bishiyar dogon yaro."

Husainatu ta ce ta gode. Bayan wannan kuwa da ƙyar ake jin muryarta. Takan yi sallarta, ta koma gindin bango ta zauna ta zuba wa ƙasa ido. Inna Hilo ta tashi tsaye a kanta. Ta dama kunu, ta tuƙa tuwo, ta sayo fura da nono, ta dafa ɗanwake ko za ta ji marmari. Tana ajiye kwano tana ba da baki: ki ci, ki yi haƙuri, ki sa wa ranki ruwan sanyi, kowa da tasa jarrabawar. Kwanon yakan dawo kusan yadda aka kai shi. Abin ya fara ba ta haushi, ko da yake ba ta nuna ba. Ita dai a saninta baƙon da bai ci abincinka ba bai yarda da kai ba.

Ana cikin haka wata asuba karatun ranar ya faɗa kan labarin wasu mata biyu 'yan'uwa da Yesu ya sauka a gidansu. Babbar, Marta, tana ta kai da kawo a madafa, ƙanwar kuwa ta zauna kusa da shi tana sauraro. Da Marta ta kai ƙara, sai ya ce ƙanwar ce ta zaɓi abin da ya fi. Wannan labari ya daɗe yana tsaya wa Inna Hilo a wuya. Ta taɓa faɗa wa katekis a gaban mutane cewa ita bayan Marta take. "In kowa ya zauna sauraro, wa zai hura wuta? Baƙi iska za su ci?" Aka yi ta dariya a ranar.

Wannan karon ba ta yi musu ba. Ta rufe Littafi Mai Tsarki ta leƙa tsakar gida. Husainatu ta idar da salla tana zaune bisa tabarma, ta rungume gwiwoyi. Inna Hilo ta dubi ƙullun wainar da ya kwana ya tashi, yana jiran tanda. Ta sa faifai ta rufe shi. Ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunne ta ajiye kusa da tabarmar, ta zauna.

Zaman ya yi mata wuya. Hannunta na ƙaiƙayin aiki, bakinta na ƙaiƙayin magana, ta danne su duka. Rana ta fito, kaji suka sauko, aka fara jin ƙarar motoci daga tasha. Can sai Husainatu ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Inna, ba ki tahiya kasuwa yau?"

"Ba ni zuwa. Nan nika zama."

Sai kuka ya ƙwace wa yarinyar. Da ta samu numfashi ta fara ba da labari. Da goshin magariba suka shigo ƙauyensu bisa babura. Suka kore shanu, suka tasa maza gaba, har da mijinta Rilwanu, wanda ya dawo daga gona ko fartanya bai ajiye ba. Ita ta faɗa cikin dawa ta yi ta gudu. Tun ranar ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

"Kuma Inna, ciki gare ni," ta ce. "Shi bai sani ba. Ban gaya ma kowa ba. Abinci in na ji ƙamshinai zuciyata tashi takai, ba ƙin naki nikai ba."

Inna Hilo ta riƙe baki. Ita da ta haihu, ta ga haihuwar unguwa guda, a ce ba ta lura ba! Ta jawo kan yarinyar ta ɗora bisa cinyarta tana shafa bayanta. Ranar ƙullu ya yi tsami, aka ba awakin Lawwali. Direbobi suka yi ta aike ko lafiya.

Daga nan gida ya sake. Inna Hilo ta daina soya mai a tsakar gida, ta koma yi wa Husainatu kunun tsamiya da faten wake maras yaji, ta raka ta asibiti awon ciki. Da laulayi ya lafa, Husainatu ta karɓi haɗin miyar taushen da ake ci da waina. Ba a daɗe ba masu lodin albasa suka fara cewa miyar Inna Hilo ta canza hannu, ta ƙara daɗi. Ta ce musu su ci su tashi, ba a tambaye su ba. Amma da ta komo gida sai da ta tsaya ta ga abin da yarinyar ke sawa.

Da yamma su biyun sukan zauna bakin ƙofa, kowa da carbinta. Ɗaya na gaida Maryamu, ɗaya na istigfari, ba mai shiga harkar wata. Husainatu ta taɓa tambaya, "Inna, ku ma kun san Nana Maryamu?" Inna ta ce, "Awo, ita nika roƙo ta taya ni roƙon Ubangiji kullum." Yarinyar ta jinjina kai. Wata Lahadi kuma Inna Hilo ta ba katekis sunan Rilwanu, aka ambace shi cikin addu'ar jama'a. Ta faɗa wa Husainatu tana tsoron ko ta yi laifi. Sai yarinyar ta ce, "Allah shi saka miki da alheri. Duk wanda ya roƙa mai, na gode."

Akwai lokacin da abin ya yi nauyi. Wani da ya kuɓuto daga daji ya kawo labarin cewa an kashe wasu daga cikin mutanen ƙauyen, bai san ko su wa ba. Husainatu ta koma gindin bango. Ita ma Inna Hilo karatu ya daina shiga ranta, ta buɗe littafi ta rufe ba ta tsinci komai ba. Sai ta koma Zabura, inda masu addu'a ke kai kuka ba kunya, ta riƙa yin nata irin nasu. "Ubangiji, ka ga yarinyar ga. Ni na tsufa, na ga nawa. Ita mi ta gani? Kar ka yi shiru." Ba ta ji amsa ba, amma ba ta fasa tashi da asuba ba.

Bayan an yanke gero, wata rana da hantsi tana tsakiyar ciniki, Lawwali ya zo tasha da sauri har hularsa na neman faɗuwa. "Inna Hilo, aje tandar ga! Rilwanu ya kuɓuto, ya zaka!" Ta bar wa mai shayin kusa da ita rumfar ta bi shi. Ta iske wani dogon mutum zaune a zauren Lawwali, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, ƙafafu duk tabo. Husainatu na durƙushe gefe, ciki ya fito sosai, shi kuwa ya kasa ɗauke ido daga kanta. Da aka ce masa ga matar da ta riƙe Husainatu, ya yunƙura zai durƙusa. Inna Hilo ta ce, "Zauna, ɗana, kar ka faɗi a kaina. Ka ci abinci?"

Ƙauyensu bai zaunu ba tukuna, saboda haka suka koma Marnona, inda kawun Rilwanu ya ba shi ɗaki da gefen gona. Gidan Inna Hilo ya yi mata faɗi na ɗan lokaci, sannan ta saba.

Da sanyi ya shigo aka aiko mata Husainatu ta sauka lafiya, an samu mace. Ranar suna ta hau motar Marnona da turmin atamfa da sabulu. Jaririya ta ci sunan Murja. Matan gidan suka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin mai jego, suka ɗora mata yarinyar a cinya suna cewa ga kakarta ta Goronyo. Ta duba 'yan yatsun, ta ce hancin na uwar ne, tsohuwar gidan ta ce sam na wajensu ne, aka yi ta gardama ana dariya.

Da la'asar ta yi sallama. Rilwanu ya raka ta bakin titi da ƙullin naman suna da wani jan zakara da aka ɗaure wa ƙafa, ya rantse sai ta tafi da shi. Motar ta cika maƙil, ta zauna tsakanin wata mai tallar tafarnuwa da buhun dawa, zakaran bisa cinya yana ta fisge-fisge. Kafin su kai Goronyo ya tsinke igiyar ya haye kan buhun, fasinjoji suka yi ta kamu direba na faɗa. Inna Hilo ta yi dariya har da hawaye. Da ta sauka ta saƙale shi a hammata ta nufi gida, tana shawarar ko ta yanka shi ranar Kirsimeti ko ta nemo masa kaza.